Takardar Da Ta Riƙe Kamannin Majami'ar San Marko

Daga Wakilinmu

Ranar 27 ga watan Mayu, 1846, wani saurayi Baturen Ingila mai shekara 27 da haihuwa ya ɗauki takarda da fenti a birnin Benis na ƙasar Italiya, bayan an ɗauke ruwan sama, ya shiga zana wani sashe na babbar majami'ar birnin, wadda ake kira San Marko. Sunan saurayin John Ruskin. Duk wanda ya taɓa lura da dutse bayan ruwa ya san abin da ya ja hankalinsa, domin ruwa yakan wanke ƙura, ya fito da launin da rana ta dusashe. Dutsen da ɗazu yake toka-toka sai a ga ya koma ja, wani kore, wani kuma ruwan zuma, amma da iska ta busa sai launin ya sake ɓuya. Wannan ɗan lokacin ne Ruskin ya so ya kama a takarda.

Zanen yana nan har yau a gidan kayan tarihi na Ashmolean da ke birnin Oxford a Ingila, kuma sunan da aka san shi da shi yana nuna cewa bayan ruwa aka yi shi. Yana ɗaya daga cikin zane-zanen fentin ruwa da Ruskin ya yi wa wannan majami'a cikin shekara 30 da 'yan kai. Abin da ya ƙara musu daraja shi ne, wasu daga cikin duwatsun da ya zana ba su nan yanzu. Magina sun ciccire su da sunan gyara, sun maye gurbinsu da sababbi. Saboda haka takardun da aka yi domin koyo sun koma shaidu, kuma rigimar da ta tashi a kan wannan gyara ta sake yadda Turai take kallon tsofaffin gine-ginenta.

BIRNIN DA KE KAN RUWA

Kafin mu shiga maganar zanen, ya kamata mai karatu ya san ginin. Benis, wanda Larabawa suke kira Bunduƙiyya, birni ne da aka kafa a kan tsibirai fiye da 100 cikin wani tafki na ruwan gishiri a arewa maso gabashin Italiya. Ƙasar wurin taɓo ce, don haka sai an kakkafa itatuwa cikin laka tukuna a ɗora harsashin gini. Mutanen birnin fatake ne na teku, jiragensu suna zuwa Iskandariya da Sham da Kustantiniya, watau Istambul ta yau. Sun yi ƙarnuka suna mulkin kansu a ƙarƙashin shugaba wanda ake zaɓa, mai laƙabin Doje.

A shekarar 828 wasu fatake biyu na Benis suka ɗauko abin da aka yi imani gawar Markus ce, marubucin ɗaya daga cikin littattafan Linjila huɗu, daga Iskandariya ta ƙasar Masar. Labarin da mutanen birnin suke bayarwa shi ne, wai an lulluɓe gawar da naman alade ne don kada masu binciken kaya a tashar jiragen ruwa su taɓa kwandon. An gina majami'a ta farko domin ajiye ta. Gobara ta ci wannan a shekarar 976, lokacin da jama'a suka yi wa Dojen zamanin bore. Ginin da ke tsaye yau an fara shi ne wajen shekarar 1063, aka keɓe shi domin ibada a 1094, kuma an kwaikwayi fasalin wata majami'a ce ta Kustantiniya mai sunan Manzanni, wadda babu ita yanzu. Yana da ƙubba 5. A ciki an lulluɓe rufi da bango da ƙananan ƙwayoyin gilashi masu launi da masu ruwan zinariya, waɗanda aka jera ɗaya bayan ɗaya suka ba da hotuna, faɗinsu ya haura murabba'in mita 8,000.

Ainihin ginin jan bulo ne. Adon da ke waje daga baya aka yi ta ƙara shi, musamman bayan shekarar 1204, sa'ad da rundunar yaƙin 'yan gicciye ta huɗu, tare da jiragen Benis, ta washe Kustantiniya. Daga can aka kwaso ginshiƙai da allunan dutsen mabul, da dawakan tagulla 4 da aka ɗora bisa babbar ƙofa, da gumakan sarakunan Rum 4 na wani jan dutse da ake haƙowa a hamadar Masar. Ginshiƙan majami'ar sun fi 500, kuma da yawansu sun girmi ginin kansa da ƙarnuka.

Wani abin lura shi ne, San Marko ta daɗe tana matsayin majami'ar fadar Doje kawai. Sai a shekarar 1807, shekara 10 bayan Napoleon ya rushe jamhuriyar Benis, aka mai da ita mazaunin babban limamin Kirista na birnin. Napoleon ya kwashe dawakan nan zuwa Faris a 1797, aka dawo da su a 1815. Daga wannan shekara har 1866 birnin yana hannun ƙasar Ostiriya. Ke nan lokacin da Ruskin ya zauna yana zane, Benis birni ne da aka ci da yaƙi, arzikinsa ya karye, gidajen manyansa suna zubewa cikin ruwa.

WANE NE RUSKIN?

An haifi John Ruskin a Landan ranar 8 ga Fabrairu, 1819, shi kaɗai ne ɗa wurin iyayensa. Mahaifinsa attajiri ne mai cinikin giyar inabi, kuma mai son zane-zane. Tun yana yaro aka ɗaukar masa malaman zane, cikinsu har da Copley Fielding, daga baya kuma J. D. Harding. Ya fara ganin Benis a 1835 tare da iyayensa. A 1843, yana da shekara 24, ya fitar da littafi na kare mai zane Turner daga masu sukarsa, sunansa ya fara fita.

Tafiyar da ta juya rayuwarsa ita ce ta 1845, wadda ya yi ba tare da iyayensa ba. Da ya iso bakin tafkin sai ya tarar ana ƙarasa gadar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 3 da rabi da ɗoriya, wadda ta haɗa birnin da tudu, aka kuma buɗe ta a watan Janairu na 1846. Ya tarar an kakkafa fitilun gas. Waɗannan sun ɓata masa rai, amma abin da ya fi ƙona masa zuciya shi ne aikin magina. A wasiƙun da ya riƙa aika wa mahaifinsa ya yi kukan cewa ana kankare bangon San Marko, ana ɗebe launin da ƙarnuka suka shafa wa dutsen. Ya zauna gaban wani shahararren gida mai suna Ka Doro yana zana shi, ma'aikata kuwa suna farfasa adonsa a gaban idonsa. Mai kula da aikin wannan gida wani injiniya ne mai suna Giovanni Battista Meduna. Mai karatu ya riƙe sunan nan, don za mu sake gamuwa da shi.

Daga nan Ruskin ya ƙudura cewa abin da ba zai iya hanawa a rushe ba, to, zai rubuta shi, ya auna shi, ya zana shi tun yana tsaye.

ƘARO, RUWA DA TAKARDA

Fentin ruwa ba shi da wuyar bayani ga wanda ya san yadda ake haɗa tawada. Ana niƙa garin launi ya yi laushi, a kwaɓa shi da ƙaro, a busar. In za a yi aiki sai a jiƙa buroshi a shafo. Ƙaron shi ne yake riƙe launin a jikin takarda bayan ruwan ya bushe, kamar dai yadda yake riƙe tawadar malam a allo. Ƙaron da Turawan ƙarni na 19 suke amfani da shi daga Afirka yake zuwa, daga itatuwan dakwara da danginsu, mafi yawa ta kogin Sanagal, wani kuma daga Kurdufan ta ƙasar Sudan. Har gobe da shi ake haɗa fentin ruwa mai kyau. A zamanin Ruskin kamfanin Winsor da Newton na Landan, wanda aka kafa a 1832, ya riga ya fito da fenti mai danshi a cikin 'yan ƙananan mazubai, wanda matafiyi zai sa a aljihu ya yi aiki a bakin hanya.

Bambancinsa da fentin mai shi ne, fentin mai yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa, na ruwa kuwa haske yana ratsa shi ya daki farar takarda ya dawo. Mai zane yakan fara da fensir, sa'an nan ya shimfiɗa launi mai ruwa-ruwa, ya jira ya bushe, ya ɗora wani a kai. Inda yake son fari sai ya bar takardar yadda take, ko kuwa ya ɗiga farin fenti mai kauri daga ƙarshe. Kuskure yana da wuyar gyaruwa, don abin da takarda ta sha ta sha ke nan. Amma wannan hali nasa shi ya sa ya dace da dutsen mabul, domin shi ma mabul launinsa kamar daga ciki yake fitowa, da jijiyoyi masu ratsa juna. Ga shi kuma yana bushewa da sauri, mutum yana iya gama launin bango kafin rana ta sake shi.

Ruskin ya sami wani mataimaki kuma. A 1839 aka bayyana wa duniya a Faris wata dabarar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre, wadda hoton yake fitowa a kan farantin jan ƙarfe mai ruwan azurfa. Ruskin ya sayi irin waɗannan hotuna a Benis a 1845, ya yi murna da su ƙwarai, daga baya ya mallaki na'urar, baransa John Hobbs yana ɗaukar masa. Farantin yana kama kowace tsaga da kowane sassaƙa, amma ba ya kama launi. Saboda haka sai ya haɗa biyun, hoto ya riƙe masa fasali, fenti ya riƙe launi. A shekarar 2006 aka ci karo da wani akwati a wurin gwanjo a arewacin Ingila mai ɗauke da irin waɗannan faranti 188, bincike ya tabbatar na Ruskin ne, da yawansu kuwa na Benis.

ZANEN BANGON KUDU

A 1848 mutanen Benis suka yi wa Ostiriya tawaye a ƙarƙashin Daniele Manin. An yi musu ƙawanya, yunwa da kwalara suka ci ƙarfinsu, suka miƙa wuya a watan Agusta na 1849. A watan Nuwamba Ruskin ya sauka birnin da matarsa Effie, ya zauna har watan Maris na 1850, ya sake komowa daga Satumba 1851 zuwa Yuni 1852. Cikin tsananin sanyi yake hawa tsani da ma'auni a hannu, yana auna kawunan ginshiƙai da bakunan ƙofofi, yana cika littattafai da lissafi da zane. Sakamakon wannan wahala shi ne littafinsa a kan duwatsun Benis, mai juzu'i 3, na farko ya fito a 1851, sauran biyun a 1853.

Cikin wannan lokaci ne, wajen 1851, ya yi zanen da masana suka fi ambata in ana maganar abin da aka rasa. Ya hau baranda ta fadar Doje, wadda take maƙwabtaka da majami'ar, ya zana bangon kudu daga can. Takardar doguwa ce, tsawonta ya kusa mita ɗaya, faɗinta bai kai rabin haka ba. Ba a ga ƙubbobi duka a ciki ba, ba a ga dandalin da masu yawon buɗe ido suke so ba. Kusurwa guda ya ɗauka, ya tsaya a kanta: ginshiƙai jere, na sama a kan na ƙasa, kowanne da irin dutsensa da irin sassaƙar kansa, da allunan mabul da suka lulluɓe bango, kowane allo da launinsa da tabonsa. Masu zanen Benis na gabaninsa sun saba gyara abin da suka gani don ya yi kyau a ɗakin mai saye. Ruskin inda layi ya karkace sai ya bar shi a karkace, inda dutse ya dafe ya sa dafewar. Al'adarsa ce kuma in ya gama da wurin da yake nazari ya bar gefen takarda da fensir kawai, don abin da yake nema sani ne.

Me ya gani a wannan bango da har ya ba shi wannan lokaci? A zamaninsa Turawa da yawa masu ilmin gini suna raina San Marko, suna ganin tarkace ce ta ganima, kuma wai lulluɓe bulo da siraran allunan dutse ha'inci ne. Ruskin ya ce ba haka ba ne. Ya bayyana cewa mutanen da suke zaune cikin ruwa, nesa da mahaƙar dutse, waɗanda sai jirgi ya yi dakon kowane dutse, dole su ɗauko mai tsada su yanka shi siriri ya wadatar. Ya nuna kuma maginan ba su ɓoye dabararsu ba. Sukan tsaga dutse guda biyu, su buɗe shi kamar shafin littafi, su manna gefe da gefe, jijiyoyin dama su zama madubin na hagu, duk mai ido ya gane allo ne aka yanka. A ganinsa bangon nan kamar shafi ne na littafi mai zayyana, launi shi ne maganarsa, wanda ya kankare launin kuwa ya goge rubutun.

Har ila yau ya ja hankalin masu karatunsa ga hannun Gabas a ginin Benis. Ya ce gine-ginen birnin mahaɗa ce ta salon Rumawa da na mutanen arewacin Turai da na Larabawa. Wanda ya dubi bakan wata ƙofa ta gefen arewa, wadda ake kira Ƙofar Furanni, da yadda ya lanƙwasa ya yi tsini a sama, zai tuna da gine-ginen Masar, inda fataken birnin suka yi ƙarnuka suna ciniki.

GARIN NEMAN GIRA

Tun a 1849 Ruskin ya bayyana ra'ayinsa game da sabunta tsohon gini, a wani littafi da ya rubuta kan ƙa'idodin gini guda 7. A taƙaice, yana ganin rushe tsohon aiki a maye shi da kwaikwayo ya fi kowace irin ɓarna muni, domin ɓarna ce da take zuwa da ƙarya, ana nuna wa jama'a sabon abu ana ce musu tsoho ne. Shawararsa ita ce rigakafi: a toshe yoyo da wuri, a share magudana, a tokare bangon da ya karkata ko da tokarar ba ta da kyan gani. Ya ƙara da cewa tsohon gini amana ce tsakanin waɗanda suka gina shi da waɗanda ba a haifa ba tukuna. A Faransa kuwa akwai Viollet-le-Duc, wanda ya gyara majami'ar Notre-Dame ta Faris, shi yana ganin aikin mai gyara shi ne ya mai da gini cikakke, ko da bai taɓa zama haka ba a tarihinsa. Yawancin injiniyoyin Turai na lokacin bayan wannan ra'ayi na biyu suke.

Meduna, wanda aka damƙa wa kula da San Marko, yana cikinsu. Ya fara da bangon arewa, sa'an nan daga 1865 zuwa 1875 ya yi na kudu, watau wanda Ruskin ya zana. An sauke allunan mabul, aka sake gina bulon da ke baya, aka miƙar da layukan da suka karkace. Tsofaffin alluna da yawa ba a mai da su ba, aka sa sababbi masu launin toka, ginshiƙai kuma aka goge su da dutsen goga har suka yi fes. A ciki an daddale wani sashe na daɓen da ya yi tudu da kwari, an kuma sauke wasu tsofaffin hotunan gilashi aka sa sababbi.

Adalci ya sa a faɗi uzurin Meduna. Bangon da gaske yana ruɓewa, gishiri ya ci bulo, ƙarafan da suka riƙe alluna sun yi tsatsa, in an bar shi haka wata rana zai zubo. Mutane da yawa a lokacin sun yaba da aikin, suna ganin majami'a ta yi sabuwa. Inda aka saɓa shi ne a kan abin da ya kamata a yi da fatar ginin bayan an ƙarfafa ƙashinsa.

Ruskin ya komo Benis a watan Satumba na 1876, ya zauna har Mayu 1877. A lokacin shi farfesa ne na fasahar zane a Jami'ar Oxford, muƙamin da aka ba shi a 1869. Ya tarar bangon kudu ya zama baƙo gare shi, ga shi kuma ana shirin taɓa fuskar yamma, wadda ita ce gaban majami'ar. Sai ya haɗu da wani saurayi ɗan gidan sarautar birnin, Alvise Piero Zorzi, wanda ya rubuta ɗan littafi yana tona kurakuran gyaran ɗaya bayan ɗaya. Ruskin ya biya kuɗin bugawa, ya rubuta masa gabatarwa, littafin ya fito a 1877. A wannan shekara ya sake zana ƙofar arewa maso yamma da fentin ruwa. A saman wannan ƙofa ne hoton gilashi na ƙarni na 13 yake, shi kaɗai ya rage daga na asali a fuskar ginin, kuma yana nuna majami'ar kanta yadda take a wancan zamani. Ya kuma ɗauki wani mai zane, John Wharlton Bunney, ya yi hoton fuskar yamma gaba ɗaya da fentin mai. Bunney ya yi shekara 5 yana wannan aiki, ya rasu a 1882, hoton yana birnin Sheffield. A 1879 Ruskin ya nemi gudummawar jama'a, ya aika da T. M. Rooke ya kwafi hotunan gilashin ciki.

A Ingila kuwa, William Morris da abokansa sun kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877, a kan koyarwar Ruskin, har ana yi mata laƙabi da ƙungiyar hana kankara. A watan Nuwamba na 1879 suka tashi haiƙan a kan San Marko, aka yi tarurruka, aka rubuta takardar koke ga gwamnatin Italiya, mutum wajen 2,000 suka sa hannu. Cikinsu har da Firayim Minista Disraeli da babban abokin hamayyarsa Gladstone, mutanen da ba kasafai suke haɗuwa a kan magana ɗaya ba.

Mutanen Italiya ba su ji daɗin wannan ba. Ƙasarsu ba ta daɗe da haɗewa ba, Benis ta shigo ne a 1866, ga baƙi suna koya musu yadda za su riƙe gadonsu. Hukuma ta amsa cewa ta riga ta dakatar da aikin tun kafin koken ya iso, jaridu kuma suka ce Ingilishi su fara duba irin kankarar da ake yi wa majami'un ƙasarsu. Akwai gaskiya a wannan martani, balle ma kamfanin da ya yi sababbin hotunan gilashin akwai jarin Ingilishi a cikinsa. Ko wane ne ya fi cancantar yabo, fuskar yamma ta tsira daga irin abin da ya sami ta kudu. A 1883 taron injiniyoyi da masu tsara gini na Italiya ya karɓi ƙa'idodin da Camillo Boito ya gabatar, waɗanda suka fifita ƙarfafa gini a kan sabunta shi, suka kuma ce duk abin da aka ƙara a bar shi a gane sabo ne. A 1964 masana daga ƙasashe da dama suka taru a Benis ɗin nan suka tsara yarjejeniyar da ta zama madogara ga masu kula da tsofaffin gine-gine a duniya.

RUWAN DA YA RAGE

Ruskin ya ga Benis gani na ƙarshe a 1888, ba shi da lafiya. Ya rasu ranar 20 ga Janairu, 1900, a gidansa na Brantwood a arewacin Ingila. Bayan shekara 2, ranar 14 ga Yuli, 1902, doguwar hasumiyar ƙararrawa da ke gaban San Marko ta rufta gaba ɗaya, aka sake gina ta kamar yadda take, aka buɗe a 1912. Wannan ya nuna tsoron injiniyoyi ma yana da tushe.

Babban abokin gaban majami'ar yanzu shi ne ruwan teku. Dandalin San Marko yana cikin wurare mafi kwari a birnin, shi ruwa yake fara ci. Ranar 4 ga Nuwamba, 1966, ruwa ya kai santimita 194 bisa ma'aunin birnin, ranar 12 ga Nuwamba, 2019, kuma ya kai 187, ya cika ɗakin ƙarƙashin ƙasa na majami'ar. Janyewar ruwan ba ita ce ƙarshen ɓarna ba. Bulo yakan tsotse ruwan gishiri ya hau da shi sama, in ya bushe gishirin ya daskare cikin ƙofofin dutse ya kumbura, ya riƙa ɓarzar da mabul, yana ture ƙwayoyin gilashi daga bango. A watan Oktoba na 2020 aka fara aiki da wasu manyan ƙyamare 78 da ake ɗagawa daga ƙarƙashin teku su tare mashigai 3 na tafkin, a 2022 kuma aka kewaye majami'ar da shingen gilashi don tare ambaliyar da ba ta kai a ɗaga ƙyamaren ba. Dawakan tagulla na asali tuni aka shigar da su ciki saboda gurɓatar iska, waɗanda ke waje kwaikwayo ne. Masu gyara na yau sukan cire allo su jiƙa shi a ruwa mai daɗi har gishirin ya fita, su mai da shi gurbinsa, abin da Zorzi da Ruskin suka nema tun 1877.

Su ma takardun suna da nasu abokin gaban, watau haske. Fentin ruwa in ya daɗe a rataye yakan koɗe, wasu launuka su riga wasu gushewa, ba kuwa mai dawo da su. Don haka zanen bayan ruwa na 1846, wanda Ruskin ya haɗa cikin kayan koyarwa da ya ba makarantar zane da ya kafa a Oxford a 1871, yawancin kwanakinsa cikin duhun ma'aji yake yi, sai lokaci-lokaci a fito da shi. Wanda ya je Benis yau zai ga bangon kudu tsaye da ƙarfinsa, amma da yawa daga cikin duwatsun fuskarsa na ƙarni na 19 ne. In yana son sanin launin da ke wurin kafin 1865, sai ya nemi takardun Ruskin.